Sai Ya Huce da Kansa

A gidan nan kowa Yaya yake ce mata, har uwar da ta haife ta. Sunan ya kama ta tun tana goyon ƙannenta, ya bi ta gidan miji, da mijin ya rasu kuma ya rako ta gida. Yanzu har masu kawo wanki shagonsu Yaya suke cewa, ciki har da dattawan da suka isa su haife ta. Kuma duk wanda ya kira sunan, to akwai buƙata a bayansa. Ba a taɓa cewa "Yaya" a yi shiru ba.

Shagon wanki da guga ne a ƙasan bene, su uku kuma suna zaune a sama: ita, da Inna, da Auta. Kada sunan Auta ya ruɗe ku. Ƙato ne mai gemu, ya ba talatin baya da daɗewa. Aikinsa a shagon, in ji shi, hulɗa da jama'a. Ma'ana ya kafa kujera a bakin ƙofa, ya karɓi kaya, ya yi raha da mai kawowa, ya koma danna waya. Jiƙawa, wankewa, shanya, sa sitati, guga, ninki da sawa a leda, duk na Yaya ne. Inna kuwa gwiwa ta zaunar da ita a sama, daga can take ba da umarni, kuma muryarta ba ta da ciwon gwiwa ko kaɗan.

Ciwon a hankali ya shigo wa Yaya. Da farko gajiya ce wadda barci ba ya wankewa, ta kwanta da ita ta tashi da ita. Sai faɗuwar gaba babu dalili. Waya ta yi ƙara, gabanta ya yanke ya faɗi. Injin wanki ya tsaya, gabanta ya faɗi. Wata rana tana cikin guge kwalar wata farar riga sai numfashinta ya sarƙe, hannunta ya kama rawa, ta tsaya riƙe da dutsen guga ta rasa me ake yi da shi. Ta ɗauka mutuwa ce ta zo. Abin da ya fi ba ta tsoro daga baya shi ne, a wannan halin ma tunanin da ya fara zo mata shi ne wa zai ƙarasa rigunan.

Ta je asibiti. Likita ya auna jini, ya saurari zuciya, ya ce bai ga wata cuta ba, aiki da damuwa ne suka yi mata yawa, ta rage, idan abin bai lafa ba ta dawo. Ta zo gida ta maimaita musu maganar likita daga farko har ƙarshe.

"Alhamdu lillahi," in ji Inna. "Ashe lafiyarki ƙalau."

"Ni ma na faɗa," in ji Auta. "Yaya ai ƙarfe ce."

Rabin farko na maganar suka ɗauka, rabin ƙarshe suka bar wa likita kayansa.

Wata malamar makaranta mai kawo musu labule ce ta lura da rawar hannun, ta kwatanta mata wata mata da ake kira Mai Ganye, a bayan tashar mota. Yaya ta je ranar da aiki ya yi sauƙi, tana tafe tana jin kamar wadda ta gudo daga makaranta.

Ɗakin Mai Ganye ƙarami ne, kantoci cike da kwalabe, ko'ina ƙamshin busasshen ɓawon lemo. Ita kanta gajeriya ce mai tabarau, kuma ba ta da saurin magana. Ba ta taɓa kwalba ko ɗaya ba sai da ta gama tambayoyinta.

"Kin je asibiti?"

"Na je."

"Madalla. Idan likita ya ce ki koma, ki koma, ni ba gasa nake da shi ba. Yaushe rabon da ki ci abinci a zaune?"

Yaya ta yi dariya, don ta ɗauka wasa ne. Mai Ganye ba ta taya ta ba. Dariyar ta mutu ita kaɗai, Yaya ta shiga lalube a ranta, ta kasa tuno ranar.

Mai Ganye ta haɗa mata na'a-na'a da ɓawon lemo da 'yar citta da wasu busassun fararen furanni. Sannan ta sunkuya ƙarƙashin tebur ta ɗauko wani kofin ƙasa mai kauri, mai murfi, mummuna na gaske, ta dire mata.

"A cikin wannan za ki riƙa sha, kullum bayan azahar. Ke za ki dafa ruwan da hannunki, ki zuba, ki rufe. Ba a hura shi. Ba a fifita shi. Ba a juya shi daga kofi zuwa kofi. Ki sa shi gaba ki zauna, babu waya, babu ɗinkin maɓalli, babu komai a hannunki, sai ya huce da kansa. Sannan ki sha."

Yaya ta juya kofin, ta ƙwanƙwasa gefensa. "Wannan ai sai la'asar ta kawo kai bai huce ba."

"Shi ya sa na ba ki shi. Ganyen zai ɗan kwantar miki da ciki, ba zan yi miki ƙarya in ce ya wuce haka ba. Sauran aikin na zaman ne."

Ranar farko azaba ce. Ta zauna a ɗan barandar da ke saman matakala, inda ake jin duk motsin shago, kofin yana gabanta a kan kujera 'yar tsugune. Tafin hannunta sai ƙaiƙayi yake. Ta ji injin ya gama juyi, ta san zannuwan gado na nan a ciki suna cukurkuɗewa. Ta ji Auta yana gaya wa wani cewa kayansa sun kusa, alhali ko jiƙa su ba a yi ba. Ta tashi sau ba adadi ta koma ta zauna. Ta tsani kofin, ta tsani Mai Ganye, ta tsani malamar da ta kwatanta mata ita.

Amma da aka kwana biyu sai wani abu ya fara saki. Ta gane ashe kafaɗunta a ɗage suke wuni guda, kamar mai jiran duka. Ta gane ashe haƙoranta a cije suke. Wata rana tana zaune sai hawaye suka zubo mata babu dalili, ta bar su suka yi ta zuba har suka gaji. Ranar ta yi barci irin wanda ta manta akwai shi. Rawar hannun ta ragu. Ba warkewa ta yi ba, amma ta hango hanyar.

Nan ne 'yan gida suka tashi taimaka mata.

Inna ce ta fara. Ta jawo ƙafa ta fito baranda ta ga 'yarta ta zuba wa kofi ido, tausayi ya kama ta. Ta koma kicin ta ɗauko kofin silba guda biyu. Kafin Yaya ta buɗe baki an juye shayin, Inna tana ɗaga hannu sama tana tsiyayo shi daga wannan zuwa wancan, har da kumfa.

"Ga shi, na fifita miki. Kurɓe maza ki sauka, kada ki yi ta zaman wahala."

"Inna, cewa aka yi sai ya huce da kansa."

"To ba ga shi ya huce ba? Shi maganin ya san wanda ya sa shi ya huce ne?"

Gaskiya don ƙauna Inna ta yi, kuma wannan ne ya ɗaure bakin Yaya. Da mugunta ce da ta san yadda za ta yi da ita. Ta karɓa ta shanye, ta ce an gode, ta sauka.

Auta kuma da ya ga haka sai ya kawo tasa basirar. Washegari ya zo da ƙanƙara a leda. Rana ta gaba ya ce ya gano abin da ya fi: a dafa ganyen tun da safe a zuba a filas, a ajiye mata a gefen teburin guga, duk lokacin da ta so ta tsiyaya ta kurɓa, hannu ɗaya na sha ɗaya na aiki.

"Kin ga ke nan kin sha maganin fiye da yadda aka ce ma," in ji shi. "Ita Mai Ganyen nan ba ta san zamani ba ne."

Inna ta sa masa albarka saboda kula da 'yar'uwarsa. Aka ɗora kofin ƙasa a saman kabad, wani ya zuba maɓallai a ciki.

Ba a jima ba faɗuwar gaban ta dawo da ƙarfinta, har ta fi da. Yaya ta koma wurin Mai Ganye ta ce maganin ya daina aiki, ko za a ƙara mata wani ganye mai ƙarfi.

Mai Ganye ta dube ta ta saman tabarau. "Wa ke fifita miki?"

Yaya ta sunkuyar da kai. Can ta ce, "Innata ce. Da ƙanena. Ba da mugun nufi suke yi ba."

"Na sani. Ai ba mugaye ke gajiyar da mutum irin haka ba."

"Ba zan iya ce mata a'a ba. Tunda nake ban taɓa ba. Ban taɓa ganin ta juya min baya ba, kuma ban san yadda zan yi ba idan ta juya."

"To ni ganye ne a kwalabena, baiwar Allah. Ba ni da baki a kwalba da zan ba ki. Wannan naki za ki yi amfani da shi."

Yaya ta fito ranta a ɓace. Ta ƙudurta ba za ta ƙara taka ƙofar matar nan ba, mace sai baƙar magana. Tana tafiya tana huci, ta wuce tasha, ta wuce masu gyaran taya. Kafin ta kai kwanar layinsu fushin ya bar Mai Ganye ya nufi inda ya dace. Ta tuna rigar da ta kusa mutuwa a kanta. Ta tuna "Yaya ai ƙarfe ce." Wane irin ƙarfe? Ko dutsen guga idan ya yi zafi da yawa kashe kansa yake ya huta, kuma ba wanda ya taɓa cewa ya yi rashin kunya.

Tana shiga gida ta hau kujera ta sauko da kofin, ta zazzage maɓallan a faranti, ta wanke shi tas. Filas ɗin kuma ta miƙa wa Auta.

"Riƙe kayanka. Daga yau bayan azahar ba ni nan. Ko shagon nan zai kama da wuta, ku nemi ruwa."

Auta ya yi dariya. Inna ta ce, "Yau kuma da wa aka yi faɗa?" Ba wanda ya ɗauki maganar da nauyi, kuma aka yi sa'a kwanakin da suka biyo baya aiki bai matsa ba, ta yi zamanta ba wanda ya kula sosai.

Sai ranar da otal ɗin da ke kawo musu wanki ya aiko da mayafan tebur, farare, tuli guda, za a yi babban taro a can. Auta, don ya burge manajan otal ɗin, ya yi alkawarin za a gama kafin la'asar, bai ko leƙo ya tambaye ta ba. Yaya ta yi ta fama tun safe, ta wanke, ta busar, ta goge fiye da rabi. Da ta idar da sallar azahar sai ta zare wayar dutsen guga daga bango, ta hau sama, ta ɗora ruwa.

Tana rufe kofin Auta ya hayo da gudu yana haki.

"Yaya, me nake gani haka? Manaja da kansa yana ƙasa, ya zo da mota!"

"Ka ba shi kujera."

"Saura da yawa fa!"

"Na sani, ni na bar su. Teburin guga yana nan inda yake."

"Haba Yaya, yau kaɗai. Gobe ki sha kofi biyu."

Ta gyara wa kofin zama a gabanta. Ya tsaya ya yi tsuru-tsuru, sannan ya juya ya yi abin da ya saba yi tun yana cikin zanen goyo, ya kira uwarsa.

Inna ta fito da kofunan silbarta biyu a hannu, fuskarta babu wasa. "Kawo in fifita miki. Mutane na jira."

Ta miƙo hannu. Yaya ta ɗora tafinta a kan murfin. Zafin ƙasar ya ratsa fatarta, ba ta ɗauke ba.

"Sai ya huce da kansa, Inna."

"Ni kike hana wa?"

"Ki yi haƙuri. Ba zan sauka ba sai na sha, kuma ba zan sha ba sai ya huce."

"Mutuncin shagon ubanki kike so ki zubar a kan ruwan ganye?"

"Ba ni na yi alkawarin ba. Wanda ya yi yana da hannu biyu, ga su nan kina gani."

Inna ta dube ta kamar yau ta fara ganinta. Ta ajiye kofunan a ƙasa a hankali. Muryarta ta yi sanyi, irin sanyin da ya fi tsawa ciwo.

"To shi ke nan. Tunda na haifi wadda kofi ya fi uwarta, bari ni in je in yi. Ai kafin a haife ki ina guga."

Ta juya mata baya, ta kama ƙarfen matakala.

Wannan ne abin da Yaya take tsoro tun tana yarinya, ga shi yau ya zo. Tana jin saukar tsohuwar, ƙafa ɗaya, sai nishi, sai ɗayar. Inna ba ta sauka benen nan sai dole, kuma ta san sarai 'yarta na jin kowane nishi. Zuciyar Yaya ta shiga bugu kamar za ta fasa ƙirji. Cinyoyinta suka ɗaga da kansu, har ta rabu da kujerar. Ta san abin da zai biyo baya idan ta miƙe: za ta riski Inna a tsakiyar matakala, ta ba ta haƙuri, ta goge mayafan, a sa mata albarka, gobe filas ya dawo kan tebur. Kuma wata rana za a same ta a ƙasa kusa da teburin nan, a ce ikon Allah, jiya-jiya lafiyarta ƙalau.

Ta koma ta zauna. Ta riƙe gefen kujerar da hannu biyu.

Ta ji Inna ta isa ƙasa. Ta ji manajan yana gaishe ta cikin girmamawa da mamaki. Ta ji an ja mayafi an shimfiɗa a tebur. Auta kuwa, ta san shi, yana nan tsaye yana sosa ƙeya yana jiran yayarsa ta sauko ta raba kowa da kunya, kamar kullum.

Sai ta leƙa ta saman matakalar, ta ɗaga murya yadda manajan zai ji, masu shagon maƙwabta ma su ji.

"Auta! Uwarka ce ka zuba wa ido za ta yi guga da wannan gwiwar? Kai da gemunka?"

Manajan ya yi gyaran murya. Wani daga waje ya ce, "A'a, Auta, karɓar mata mana."

Ta ji takunsa, ta ji yana cewa, "Kawo, Inna, kawo, zauna." Ta ji an jawo kujerar bakin ƙofa, tasa ta hulɗa da jama'a, an zaunar da tsohuwar. Aka yi 'yar ƙwaramniya. Can sai muryar Inna, a ƙufule.

"Me kake jira? Ai sai ka sa wayar a bango tukuna. Ba nan ba, can. Murɗa wancan. Kai, ba haka ake riƙe shi ba! Yanzu duk shekarun nan da muke cin abinci da shagon nan, ba ka san ko inda ake kunna dutsen guga ba?"

"Ai ba a taɓa cewa in koya ba, Inna."

Yaya ta kasa kunne tana jiran faɗan ya ci gaba, bai ci gaba ba. Tunda take ba ta taɓa jin uwarta ta rasa abin cewa ba sai yau.

Dutsen ya fara tafiya a kan mayafi, tafiyar wanda bai iya ba, ya ja ya tsaya, ya ja ya tsaya. Ba a daɗe ba ƙauri ya hayo matakalar. Hancin Yaya ya gaya mata komai: ya bar shi wuri ɗaya, kuma wutar ta yi yawa.

"Yaya!" Auta ya ƙwala kira. "Ya ƙone!"

"Rage wutar," ta ce. "Ka ɗauki wani."

Ta jira ta ji ko Inna za ta kira ta, ko da zagi ne. Ba ta kira ba. Mai yiwuwa yau ba za ta yi mata magana ba, mai yiwuwa har gobe, kuma wannan ya yi wa Yaya ciwo ƙwarai, ba ta ɓoye wa kanta ba. Ta ɗaga murfin ta duba. Tururi ya taso ya daki fuskarta, da sauransa sosai. Ta mayar da murfin ta rufe, ta gyara zama.